Sunan da Na Je Nema a Riyad

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka fito daga gida a Bukuru, ni da jikata da za ta raka ni Kano, sanyin dutse yana cizon ƙafa. Ku da kuke ta aiko tambaya tun da na dawo, 'ya'ya da jikoki da matan unguwa, ga labarin nan gaba ɗayansa. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin salla. Faɗa nake yi ana rubutawa, don haka in kun ji magana ta karkace, bakina ne, ba hannun mai rubutu ba.

Kowa ya san abin da aka ce ya kai ni Riyad. Matar ɗana Auta ce ta kusa sauka, likita ya haska ya ce namiji ne, aka nema mini bizar ziyara in je in kula da jego. Gaskiya ne. Amma akwai abin da na ƙulle a zuciyata ban gaya wa kowa ba sai Yayana, shi ma da na gaya masa ba mu rabu da daɗi ba. Suna na je nema.

A gidanmu duk annabawa sun samu takwara. Musa har sun yi yawa, ga Isa, ga Yusufu, har Zakariyya da Ilyasu muna da su. Haruna ne kaɗai babu. Haruna kuwa shi ne mahaifin mahaifiyata. Yana matashi yake yi wa wani Baturen haƙar kuza aikin kuku, Baturen da mutane suke kira Mai Kyandir. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya tafi da shi, a kan zai dawo baɗi. Ya bar kakata da cikin mahaifiyata. Baɗi ta zo ta wuce, ba shi, ba saƙo. Da labari ya ƙi zuwa, sai gari ya ƙera nasa: wai ya shiga addinin Bature, ya manta alƙibla. Tun daga nan aka ɗauke sunansa daga bakin gida. Ba a raɗa wa yaro, ba a ambatonsa in ana yi wa magabata addu'a. Mahaifiyata ta rayu har ta tsufa ba ta taɓa jin an ce Allah ya jiƙan ubanta ba. Tana jinyar ajali ta kama hannuna ta ce, "Ladi, ni dai ban yarda ba." Iyakar abin da ta ce ke nan, shi kuma nake ɗauke da shi har yau.

Abin da ya tayar da ni hoto ne. Kakata takan ce Mai Kyandir ran shagalinsu zane yake ɗaurawa, mai gida-gida, iya gwiwa, ya rungumi wata algaita mai salka yana busawa. Bara Auta ya turo hoton ogansa na wurin aiki, wani Bature, a wayar jikata don a yi dariya, wai ku ga ƙato da zane a wurin biki. Kowa ya yi dariya ban da ni. Zanen nan ne, mai gida-gida, iya gwiwa. Na ce ashe ƙasarsu ɗaya.

Da na je yi wa Yaya sallama na faɗa masa niyyata. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ladi, tsufa ne ya fara taɓa ki? Ki je ki dama kununki na jego ki dawo. In yaron nan ya raɗa sunan nan, ba da bakina ba."

Na ce, "Yaya, in na kawo shaida fa?"

Ya ce, "Daga bakin wa? Kifayen teku?"

Hanyar Kano kun san ta. Ramuka sun ƙaru, shingayen masu kaki ma sun ƙaru. A Saminaka muka tsaya aka sayi gasasshiyar masara, a dajin Falgore mota ta yi tsit kowa yana jan carbi, har direban da yake ta surutu tun daga Jos. A filin jirgi wata mai kaki ta buɗe jakata, ta ci karo da daddawa, ta ja da baya tana toshe hanci. Na ce 'yata, da wannan aka yaye ki, kada ki yi mini baƙunta. Ta yi dariya ta rufe jakar. Jirgi kuwa, kunne ya toshe, abinci ya zo a 'yan kwanonin da ba su kai tafin hannu ba, na ci don kada in raina arziki. A Jidda aka sauke mu aka sake mana wani jirgin. An ce mini Makka tana nan kusa, na juya wajen da aka nuna na yi mata sallama daga nesa.

Riyad gari ne da ba a tafiya da ƙafa. Titi a kan titi, mota a bayan mota, ga shi duk inda ka duba an tone ƙasa an kakkafa ginshiƙai, wai jirgin ƙasa za a yi wanda zai bi ta sama ya bi ta ƙarƙashi. Zafinsu busasshe ne, ba gumi, sai dai ka ji leɓe yana tsagewa. Ka shiga ɗaki kuma na'urar sanyi ta mayar da kai Bukuru. Su Auta suna Shumaisi, tsohuwar unguwa, gidaje a manne da juna, ƙananan kantuna a ƙasa mutane a sama. Babbar 'yarsu ta rugo ta rungume ni tana cewa "Jadda, Jadda." Na ce a'a, ta Jidda dai na biyo, sunana Kaka. Aka ce ai haka Larabawa suke kiran kaka. Hausarta kamar ana jan akuya, Larabci kuwa kamar ruwan famfo.

Auta ya kai ni Bataha, kasuwarsu ta talakawa. A nan ne na ga mutane da ƙafafunsu. Indiyawa, 'yan Sudan, 'yan Yaman, da namu Hausawa a bakin shagunan tura kuɗi gida, kowa da zancen igama, wato takardar zama, da zancen kafili, wanda ya tsaya maka ka shigo ƙasar. Dabino iri-iri har ka rasa na zaɓa, kuma da araha, amma ɗan ƙullin kuɓewa sai ka ce zinariya ake aunawa. Na koyi cewa "kam" in ina tambayar kuɗin abu, sai dai in an ba ni amsa ban san me aka ce ba. Ana kiran salla sai ka ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ana saukewa, kasuwa ta mutu murus sai an idar. Wannan ya burge ni.

A hanyar dawowa na buɗe wa Auta cikina. Ya ce, "Inna, ogana ne fa. Ba a tare oga da tatsuniya. Kuma Kawu, yayanki, ya riga ya kira ni."

Na ce, "Ni ba oganka zan tare ba, baƙo zan ciyar. Ka gayyato shi."

Ran Juma'a da yamma sai ga shi. Dogo, gemu ja kamar an shafa masa lalle, ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa ya cire. Injiniya ne a masana'antar da Auta yake gyaran injuna. Na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya ci yana share zufa yana cewa "Mama, Mama," yana ɗaga babban yatsa. Da ya ƙoshi na fara ba shi labari, Auta yana juya masa da Turanci. Ya saurara da kyau. Can ya yi tambaya, Auta ya ba shi amsa, sai na ga ya girgiza kai.

Auta ya ce, "Ya ce in ba a san ainihin sunan Baturen ba, ba inda za a fara. Na gaya masa laƙabi kawai muka sani."

Na ce, "Na kasa kunne a duk Turancin nan naka, ban ji ka ambaci sunan ba."

"Na fassara masa, Inna. Na ce masa mutumin da yake da kyandir."

"Wa ya ce maka ana fassara suna?"

Na juya wajen ogan nasa da kaina, na ce masa a hankali, "Mai-kyan-dir." Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Ya yi mini alama in sake. Na sake. Sai ya ce, "Makendirik!" Ya buga cinyarsa yana dariya har gemun yana rawa. Ashe a ƙasarsu, Sikotlan, sunayen gidaje da yawa da "Mak" suke farawa, ma'anarsa ɗan wane. Kunnen mutanenmu ne ya ji "Mak" ya mayar da shi "Mai", ya ji sauran ya mayar da shi kyandir. Jama'a, ni da bakina na sha gaya wa jikoki yadda Baturen yake liƙa kyandir a hularsa in zai shiga ramin kuza. Haka na ji, haka na ba da, har da ɗan ƙari. Ashe babu kyandir ko guda, sunan ubansa ne.

Daga nan ya yi mana bayani. Ya ce a ƙasarsu a zamanin da, kowace coci tana da dattawa da suke zama kamar kotu. Wanda ya bugu, wanda ya yi dambe, wanda ya yi aiki ran Lahadi, duk a gabansu ake gurfanar da shi, magatakarda yana rubutawa. Littattafan nan ba su ɓata ba. An ɗauki hotonsu shafi-shafi an zuba a kwamfuta a gidan adana tarihi na babban birninsu, mai neman asalinsa ya je ya zauna ya yi ta buɗawa. Ya ce yayarsa tun da ta bar aikin koyarwa can take wuni, har ta tono wata kakarsu da aka gurfanar don ta zagi maƙwabciya a kan kaza. Sai ya daina dariya ya ce a gaya mini gaskiya: littafin nan ba ya rubuta wanda ya zauna lafiya. In kakana bai taɓa yin abin da ya ɓata wa dattawan rai ba, ba za a same shi a ciki ba.

Ranar a sallar magariba na yi addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba. Na ce Allah ka sa kakana ya yi laifi.

Ana nan, ana nan, naƙuda ta zo. Aka sauka lafiya a wani asibiti nan cikin Shumaisi, yaro ƙato, kansa cike da gashi. Can ba kamar nan ba ne, tun kafin uwa ta huta ake tambayar sunan da za a sa a takarda. Auta ya yi ta ce musu "bukra", wato gobe. Ya dawo gida ya zauna a gabana ya ce, "Inna, ba zan iya ta ja musu rai ba. In labari bai zo ba kafin suna, Sulaimanu zan sa." Na ce na ji. Na ci gaba da dama kunun kanwa ina gasa mai jego, amma duk ƙarar waya sai in bar abin da nake yi in kasa kunne.

Ana jibi suna Baturen, ogan Auta, ya kira. Yayarsa ta bi sunayen waɗanda suka shiga jirgin ruwa zuwa haƙar kuza, ta samu Makendirik ɗinmu, ta bi shi har wani ƙaramin ƙauye a bakin teku can arewacin ƙasarsu, ta buɗe littafin cocin ƙauyen. Ta turo hotuna. Ya ce mu zo ofishinsa, allon kwamfutar can ya fi girma.

Sana'iyya ta Biyu suke kiran wurin, unguwar masana'antu, can kudu da gari. Tafiya ce mai nisa. Gidaje suka ƙare, sai manyan rumbuna na kwano, tireloli a jere, ma'aikata cikin riguna masu ƙyalli suna fakewa a inuwar katanga. Mai gadi ya leƙo ya ga tsohuwa cikin abaya a gidan gaba, ya dubi Auta, ya ɗaga sanda muka wuce.

Baturen ya ja mini kujera gaban allon. Takarda ce ta tsufa ta yi ruwan ƙasa, rubutun a kwance kamar sawun tururuwa. Ya fara karantawa, Auta yana juyawa. Dattawa sun zauna a kan ƙarar da aka kawo game da baƙin mutum da ke aiki a gidan Makendirik, mai suna Eron.

Auta ya tsaya. Na ga fuskarsa ta faɗi. Ya ce, "Inna, sun sake masa suna. Irin nasu ne wannan."

Na tuna Yaya da tabaransa. Amma ban hau jirgi biyu don in tsaya a kalma ɗaya ba. Na ce, "Tambaye shi, wane ne Eron a wurinsu?"

Baturen ya ce ai a littafinsu haka ake kiran ɗan'uwan Musa, wanda ya raka shi gaban Fir'auna.

Na ce, "To ai shi ne. Mu mun mai da nasu kyandir, su sun mai da namu Eron. An yi biyan bashi. Ci gaba."

Ya ci gaba. Laifin shi ne, wata ranar Lahadi, ranar da ko itace ba a faskarawa a ƙauyen, mutane suna dawowa daga coci suka tarar da Eron a bayan gida ya sa farar riga, ya kayar da rago ya yanka da hannunsa. Rago kuma nasa ne, da ladan aikinsa ya saya. Bai tsaya nan ba. Ya kasa naman kashi uku, ya ajiye ɗaya, sauran ya bi gida-gida yana miƙawa, ya fara da gidajen matan da mazansu suka mutu a teku. Da dattawa suka tambaye shi, ya ce ranar idinsa ce, ba shi ya zaɓe ta ba, kuma ba zai iya ɗaga ta ba. Aka ja kunnen Makendirik, aka ja kunnen mata biyu da suka karɓi naman, ɗaya ta ce ta riga ta dafa.

Baturen ya ɗago yana murmushi, shi a ganinsa rigimar nama ce. Ya ga Auta ya rufe fuska da hannu. Ni kuwa na gane. Layya ce. Kakana layya ya yi. Shi kaɗai, a ƙasar da Baturen ya ce sai a yi kwanaki gajimare bai bar an ga sama ba, babu liman, babu mai shelar ganin wata, babu wanda zai ce masa barka da salla. Wa ya gaya masa watan ya tsaya? Shi ya yi ta lissafinsa tun ranar da ya bar Bukuru, wata bayan wata, bai bari ya kuɓuce masa ba.

Akwai hoto na biyu, layi kaɗan ne. Bayan sanyi biyu ciwon ƙirji ya kashe shi. Dattawa sun sake zama a kan inda za a binne shi, domin an yi ta yi masa tayin baftisma, ya yi godiya ya ƙi, har ranar da ya cika. Suka yanke a sa shi a gefen katangar maƙabarta. Makendirik ya roƙa a kwantar da shi yadda ya yi wasiyya, fuskarsa tana duban kudu maso gabas, aka yarda.

Na ce a nuna mini inda sunan yake. Baturen ya ƙara girman wurin har ya cika allon. Na ɗora yatsana a kai. Gilashi ne mai sanyi, ban iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma na daɗe ban ɗauke hannuna ba. Ni a Bukuru na girma, maƙwabtana Kirista ne, mun ci na juna mun yi jana'izar juna. Dattawan nan ban riƙe su da komai ba. Aikinsu suka yi, suka rubuta abin da suka gani ba ƙari, shi ya sa ya yi mini amfani.

A cikin mota Auta ya kira Yaya ya sa wayar a fili. Na ba shi labari tun daga kyandir har katanga. Da na gama ya ce, "A raɗa." Ya kashe wayarsa.

Aka yi suna a wani gidan hutu da ake haya a bayan gari. Hausawan Riyad suka zo, direbobi da magina da ɗaliban jami'a masu Larabcin littafi. Aka ci shinkafar Larabawa da naman rago a manyan faranti, na yi musu masa don kada su manta gida. Ina ɓangaren mata na ji wani ɗalibi ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Haruna. Baturen ma ya zo, har da kyautar ɗan ƙaramin zane mai gida-gida. Na tambayi sunansa na gaskiya don in riƙe daidai. Ya faɗa mini sau uku. Kafin mu iso gida ya zame mini Mai Lalle, kuma haka zai zauna.

Da jego ya yi kwari na kamo hanya. Jidda, Kano, Falgore, Saminaka, ramukan suna nan inda na bar su. Ban sauke jaka a ɗakina ba sai da na shiga wurin Yaya. Tun a can Auta ya wanke mini hotunan a takarda, na miƙa masa. Ya gyara tabarau ya duba, alhali shi ma ba Turancin yake ji ba. Ya juya takardar, ya sake juyowa. Sai ya ce, "Ragon nan, an rubuta ko ya shekara? Don in bai shekara ba akwai magana."

Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah."

Ya yi kamar zai yi dariya, sai ya fasa. Ya cire tabaran ya ajiye.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In an ba ku suna, ku miƙa shi yadda kuka karɓa, ko kun ga kamar ba shi da ma'ana, ko kun ga kamar kun san ma'anarsa. In mutum ya yi nisa labarinsa bai zo ba, ku ce ba mu sani ba, ku tsaya nan. Mu ba mu tsaya ba, muka hana tsohuwa jin addu'ar ubanta har ta koma ga Allah.

Da magariba Yaya ya ja mu salla a tsakar gida kamar kullum. Ya idar ya ɗaga hannu yana jero magabata, wane da wane, yadda ya saba tun muna da ƙuruciya. Da ya zo kan mahaifiyarmu sai ya dakata. Yara suka fara ɗago kai. Ya gyara murya ya ce, "Da mahaifinta, Haruna. Allah ya jiƙansa, ya karɓi layyarsa."

Na ce amin da ƙarfi, nawa da na wadda ba ta jira ta ji ba.